Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin Kano Pillars da 'yan'uwana magoya baya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida shugabannin kulob ɗinmu gaba ɗaya, ina gaida Janar Manaja kyaftin Ahmed Musa, ina gaida masu horarwa da 'yan wasa, sannan ina gaida 'yan'uwana masu tsayuwa a rana tun ƙarfe biyu don wasan da sai ƙarfe huɗu za a take shi. Sai Masu Gida.

Ni ba kowa ba ne, tela ne, kekena ɗaya da yara biyu masu koyon aiki, amma na fara shiga filin Ƙofar Mata tun ina bin yayana a baya yana riƙe min hannu kar na ɓata a get, yanzu kuma ni ke riƙe hannun nawa ɗan, to ina ganin ina da ɗan hakkin da zan yi magana. Kuma dan Allah kar wanda ya ɗauki wannan rubutun a matsayin cin fuska, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abun da ya sa na ajiye almakashi na ɗauki waya shi ne wata magana da nake ta ji tun da aka fara kakar nan ta 2025/26 a ƙarshen watan Agusta, a majalisa, a shagon mai shayi, a guruf ɗin WhatsApp, ko'ina dai maganar ɗaya ce, wai jadawali ne ya yi mana tsauri, wai an haɗa mu da manya tun da wuri, wai tafiye-tafiye sun yi yawa, wai da an ba mu farko mai sauƙi da yanzu muna sama. Har wani abokina yake rantsuwa da gangan aka tsara shi haka don a ga bayanmu. Na ce masa to ai kowa sai ya haɗu da kowa, kulob 20 ne a gasar, wasa 38, 19 a gida 19 a waje, ko an kai ka Aba a makon farko ko a makon ƙarshe Enyimba dai tana nan tana jiranka. Ya ce ba zan gane ba. To watakila ban gane ba, amma bari na faɗi abun da na gane.

Da farko ba zan yi ƙarya ba, jadawalin gasar Firimiyar Najeriya wahala ne ga duk kulob ɗin da ke zaune a Arewa mai nisa irin namu, kuma wanda bai taɓa bin motar magoya baya zuwa Kudu ba ba zai san me ake nufi ba. Ka tashi daga Kano ka wuce Zariya ka wuce Kaduna ka ratsa Abuja ka gangara Abaji ka tsallaka Lokoja, duk wannan fa ba ka ma fara shiga ƙasar da za ka yi wasan ba, in Inugu ce wajen Rangers da sauran tafiya, in Fatakwal ce wajen Rivers United sama da kilomita 1000 ake magana, in Ikenne ce wajen Remo Stars da suka ɗau kofin a 2025 ko Ibadan ko Benin wajen Bendel Insurance to sai ka karkata ta wani ɓangaren daban. Ɗan wasa ya kwana biyu a zaune cikin bas ƙafarsa a naɗe, ya sauka ya yi ɗan atisaye na awa ɗaya a filin da bai saba da shi ba, ga ruwan sama ga danshi da ba irin namu ba, washegari a ce ya yi minti 90 da wanda ya kwana a gadonsa. In wasan tsakiyar mako ya shigo kuma sai dai a juyo da daddare. Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Kuma ba gajiya kaɗai ba ce a hanyar nan. Duk wanda yake bin Pillars a 2015 ba zai manta watan Maris ɗin nan ba, wasan farko na kaka, muna riƙe da kofi, an kama hanyar Owerri za a kara da Heartland, 'yan bindiga suka buɗe wa motar wuta a wajen Abaji, 'yan wasa biyar suka ji rauni harda Gambo Mohammed. Ranar ina shago aka kira ni, wallahi na kasa zura zare a allura, hannuna rawa kawai yake. Saboda haka in wani ya ce min farkon kaka da tafiya Kudu abu ne mai nauyi ba zan yi masa dariya ba, na san nauyinsa.

Amma fa tambayata ita ce, wannan hanyar yau aka shimfiɗa ta? A 2008 da muka ɗau kofin farko Aba tana kusa da Wudil ne? A 2012 da 2013 da 2014 da muka ɗauka sau uku a jere, Fatakwal matsowa ta yi? Hanyar nan dai ita ce, ramukan ma kila sun fi na yanzu a wasu wuraren. Abun da ya bambanta shi ne a wancan lokacin muna da gida, kuma gidan nan ba a cin mu a cikinsa. Shekara 12 cur, daga 2003 har zuwa watan Agustan 2015 da Nasarawa United ta zo ta ci mu 2-1, babu kulob ɗin da ya shigo Kano a gasar lig ya fita da maki uku. Ka je waje ka sha kashi, ba komai, ka dawo gida ka kwashi ukunka, ka sake fita ka ƙwato canjaras ɗaya a wani wurin, a haka ake haɗa kofi a ƙasar nan, kowa ya san a lig ɗinmu cin wasan waje kamar tsintar kuɗi ne a kasuwa, ana samu amma ba a dogara da shi. Wasa 19 na gida maki 57 ne a ajiye, duk wanda ya iya tsare mafi yawansu ba ya tunanin faɗuwa ko da an jera masa Enyimba da Rangers da Rivers da Remo a wata ɗaya.

To gidan nan fa wa ya raba mu da shi? Jadawali?

Ranar Lahadi 12 ga Oktoban 2025 muna gaban Shooting Stars ta Ibadan da ci ɗaya, aka shiga ƙarin lokaci, suka farke. Ya yi ciwo, ni ma ya min ciwo, na dafe kai na zauna a siminti na kasa tashi. Amma 1-1 maki ɗaya ne, maki ɗaya kuma ba asara ba ce gaba ɗaya, an sha yin kakar da maki ɗaya ya tsayar da kulob a gasa. Kafin na ɗago kai sai na ga mutane suna tsallaka shinge, ana bin alƙalan wasa, ana bin baƙi, jifa ta ko'ina, hayaƙi mai sa hawaye, ni kuma abun da ke raina kawai yadda zan fitar da yarona ɗan shekara 11 ba tare da an tattake shi ba. Muka fito ya rasa takalmi ƙafa ɗaya. A Adaidaita yake tambayata, Baba an soke ƙwallon nasu ne da aka yi faɗan? Na ce a'a. Ya ce to me aka samu? Ban ba shi amsa ba har muka isa gida.

Amsar ta zo daga hukumar gasa, an cire mana maki 3 da ƙwallo 3, an ci mu tarar naira miliyan 9.5, an rufe mana filin Sani Abacha na Ƙofar Mata an ce mu koma Katsina da wasanninmu na gida. Ku lissafa da kyau dan Allah, mun shiga filin da niyyar maki uku, Allah ya ba mu ɗaya, muka fito da asarar biyu, wato da a ce mun zauna an ci mu 1-0 lafiya lau kowa ya tafi gida yana tsaki da mun fi haka riba nesa ba kusa ba. Babu wani mai tsara jadawali a Abuja ko a Legas da zai iya yi mana wannan ɓarnar ko da ya kwana yana ƙulla mana sharri. Yanzu kuma jadawalin da muke kuka da shi ya zama mai tsauri na gaske, don daga yau duk wasanmu tafiya ce, na waje tafiya, na gida ma tafiya, Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Katsina, kusan kilomita 170, a kwana a otal, a yi wasa a ciyawar da ba tamu ba, mako mai zuwa a ɗau hanyar Kudu.

Kuma abun da ya fi ci min rai mun taɓa kallon wannan fim ɗin, ba a daɗe ba ma. A kakar 2021/22 mun daɗe muna yawon haya a Kaduna a filin Ahmadu Bello, muna ta roƙo a dawo da mu gida, aka dawo da mu a watan Afrilun 2022, aka kawo mana Katsina United, wasan bai ma ƙare ba aka hargitsa shi, aka farfasa musu mota, aka sake korar mu daga Kano zuwa Abuja. Ba a gama wannan ba a watan Yuni a wasan Dakkada wani babba daga cikin shugabannin lokacin ya kai wa mataimakin alƙalin wasa hannu a gaban kyamara, duniya ta gani. Aka zaftare maki, kaka ta ƙare, Pillars da aka kafa tun 1990 daga haɗakar WRECA da Golden Stars da Bank of the North ta faɗa gasar 'yan dagaji. Mu da wa muka faɗi? Mu da Heartland da MFM da ita Katsina United ɗin da muka fasa wa gilashi. Muka je muka sha ƙura tare muka dawo tare a 2023. Yau kuma filin Muhammadu Dikko na Katsinawan nan shi aka ce mu je mu ara. Ni kam in na tuna wannan sai na rasa dariya zan yi ko kuka, da wace fuska za mu yi musu sallama.

Kafin nan ma akwai Agege a 2019, wasannin Super 6 na kulob shida masu neman kofin lig, wasanmu da Rangers, nan ma an shiga fili an bi alƙali, aka ci tara. Wato abun nan ba tsautsayi ba ne na rana ɗaya, ɗabi'a ce ta kama mu, duk bayan shekara biyu ko uku sai ta motsa. Kuma abun mamaki a 2018 da Rangers suka yi mana abun da ya fi wannan zafi sau goma, wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale na ƙasa, a Asaba, muna 3-0 saura kamar kwata a tashi suka farke duka ukun suka cinye mu a fenariti, ai haƙuri muka yi muka haɗiye, shekara ta zagayo muka je Kaduna muka doke Niger Tornadoes a fenariti muka ɗau kofin a 2019. Ashe dai mun iya haƙurin in mun ga dama.

Yanzu bari na juyo kanku shugabanni, don in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Magana ta gaskiya tsaron filin nan aikinku ne, ba na hukumar gasa ba, ba na baƙi ba. Filin da ba ya wuce ɗaukar mutum dubu 16 ko makamancin haka, a garin da mutum miliyoyi ke son kulob ɗaya, dole a san adadin wanda ya shiga, dole a san ta wace ƙofa, dole a ce akwai masu tsayuwa tsakanin 'yan kallo da ciyawa waɗanda fuskarsu na kallon jama'a ba kallon ƙwallo ba. Wannan filin fa shi ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, ya karɓi kofin Afirka a 2000, ya karɓi ta 'yan ƙasa da 17 a 2009, ba a ji an bi alƙali da gudu ba, saboda an tsara, an sa doka, an tsaya a kanta. To me ya hana a yi wa wasan Pillars rabin wannan tsarin? Bidiyon ranar Lahadin nan yana wayar kowa, fuskoki a bayyane suke, 'yan unguwanninmu ne ba aljanu ba. A fito da su, a hana su shiga fili, a liƙa hotunansu a get in ta kama. In dai duk lokacin da aka yi ɓarna gwamnati ce za ta biya tara daga kuɗin jama'a, wanda ya yi jifan kuma ya koma majalisa ana tafa masa ana ce masa namiji, to wallahi ranar da aka buɗe mana filin za a sake.

Na biyu, dan Allah ku bar koci ya yi aiki ko kuma ku sallame shi a mutunce, amma kar a bar shi a rataye kullum yana jin ƙishin-ƙishin. Tun da muka dawo Firimiya mun ga Abdu Maikaba, mun ga Usman Abdallah, muka shiga wannan kakar da Evans Ogenyi, kusan kowace kaka da sabon hannu, kowane kuma da irin 'yan wasan da yake so da irin tsarin da yake so, kafin yara su gane me ake nema a wajensu an sake lale. Ni tela ne, in aka ba mutum uku yadi ɗaya, wannan ya yanka wuya, wancan ya yanka hannu, na uku ya haɗa, rigar za ta fito amma ba mai iya sa ta zuwa Idi. Ba cewa nake kar a taɓa canza koci ba, in abu ya ƙi ya ƙi, amma a duba da kyau shin laifin benci ne ko laifin shiri ne tun kafin a fara kaka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kulob ɗin da ya san farkon kakarsa da zafi tun watan Yuli ya kamata a ce ya gama sayen 'yan wasa, ya shiga sansani, ya buga wasannin share fage da kulob masu ƙarfi har da fita waje don yara su saba da kwana a hanya, ba wai a ci ƙananan kulob na cikin gari 5-0 a dawo ana murna ba.

Na uku maganar tafiya. Tunda yanzu kowane wasa hanya ce to a ɗauki hanyar a matsayin abokin karawa. Wasannin da suka fi nisa, irin su Fatakwal da Aba da Ikenne, in da hali a nemi jirgi ko da zuwa ne kawai, in babu hali a tashi da wuri a raba tafiyar biyu, a kwana a Abuja ko Lokoja, kar a yi tafiyar dare. Katsina kuma kar a mayar da ita wajen zuwa ranar wasa, a je a zauna, a yi atisaye a filin har yara su san inda ƙwallo ke tsalle da inda take gudu, a je a gaida masu gari, a nemi afuwar abun da ya wuce, Katsinawa mutanen kunya ne in ka zo musu da ladabi za su riƙe ka. Sannan hakkin 'yan wasa, albashi da alawus da bonas, duk wanda ya kamata ya shiga ya shiga a kan lokaci, don ɗan wasan da ke tunanin kuɗin haya da na makarantar yara a minti na 93 ba zai bi mutuminsa a bugun kwana ba.

Kyaftin Ahmed Musa, kai kuma maganata da kai daban ce, kuma da girmamawa nake yin ta. A gabanmu ka ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10 kana yaro siriri ka kafa tarihi, daga nan ka tafi Holan, ka tafi CSKA Mosko, ka tafi Leicester, ka tafi Saudiyya da Turkiyya, ka ci Ajantina biyu a 2014 ka ci Iceland biyu a 2018, kuma duk da haka ka dawo ka sa rigar nan mai kore da rawaya ka bi motar nan da muke magana, wanda ba kowa zai yi ba. Na ji daɗin yadda ka fito ka ba da haƙuri bayan abun da ya faru ba ka tsaya kame-kame ba. Amma ka ga yadda ake tafiyar da fili a wuraren da ka zauna, ka san yadda ake sayar da tikiti, ka san me ake yi wa wanda ya tsallaka shinge, to wannan ilimin shi muka fi buƙata a wajenka yanzu fiye ma da gudunka a gefen layi. Kuma riƙe ofis da sa takalmi a lokaci ɗaya abu ne mai nauyi, koci zai ji nauyin cire maigidansa a minti na 60, alƙali zai ji wani iri in manaja ne ke masa ƙorafi a tsakiyar fili, ba cewa nake ka ajiye ɗaya ba, kai ka san jikinka, amma ka samu mutane masu gaskiya a ofis waɗanda za su iya ce maka a'a.

Sai ku 'yan'uwana, mu ke nan. Na san abun da za ku ce, alƙalanci a lig ɗin nan ba shi da kyau, in mun je waje ana danne mu, ana ƙara lokaci har sai masu gida sun ci, ana ba da fenaritin da ko makaho ba zai yarda ba. Na ji, kuma hukumar gasa ita ma ya kamata ta ji, don hukuncin da ake yi wa kulob cikin kwana ɗaya ya kamata a ga irinsa a kan alƙalin da ya ɓata wasa, a fili, kowa ya sani. Amma ku gaya min sau ɗaya, sau ɗaya tak, da jifa ta sa aka soke ƙwallo bayan an tashi. Babu. Abun da take jawowa kawai shi ne alƙalin da zai zo gaba ya zo da tsoro ko ya zo da haushi, duka biyun kuma ba alherinmu ba ne, sannan 'yan wasanmu su je Ibadan a zagaye na biyu suna waige-waige. Kun manta su ma sai sun je gidan mutane? Kun manta akwai 'yan Kano masu sayar da kaya a Sabo da Shasha da za su shiga filin nan da rigar Pillars?

Kuma ku daina cewa Pillars ta fi ƙarfin faɗuwa, wannan maganar ta mutu tun 2022. Akwa United ta ɗau kofin lig a 2021, a 2025 ta faɗi. Heartland da ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2009, shekarar da muka cire Al Ahly ta Masar da 2-2 ɗin nan na Alkahira da har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, ita ma a 2025 ta faɗi. Kulob huɗu ake zubarwa duk kaka kuma teburi bai san tarihi ba. Ga shi yanzu ba mu kaɗai ba ne a gari, Barau FC ta hau, yaran da ke tasowa suna da zaɓi, in uba ya ga filin Pillars wajen gudu ne da hayaƙi zai kai ɗansa inda zai zauna lafiya ya sha rake ya kalli ƙwallo, a hankali a hankali sai a wayi gari Masu Gida sun zama baƙi a Ƙofar Mata.

Wasa 8 aka buga, saura 30, maki 90 ke nan a gaba, ko kusa ba a makara ba. Rabi'u Ali Pele yana nan da shekarunsa yana abun da samari suka kasa, akwai yara masu jini a jika, abun da ake nema a watanni biyu masu zuwa ba wani abun al'ajabi ba ne, a tsare wasannin Katsina kamar na gida, a daina zubar da maki a mintunan ƙarshe, a je waje a rufe baya a ƙwato ɗaya-ɗaya, a fita daga gindin teburi kafin a juya zagaye na biyu. In aka yi wasa uku ba a ci ba kar a fara kiran a kori kowa, in aka ci biyu a jere kuma kar a fara maganar kofi. Shugabannin ƙungiyar magoya baya ku kuma ku kira taro unguwa-unguwa, Fagge, Kurna, Ɗorayi, Brigade, Gwammaja, Sheka, ku san yaranku, ku fitar da dattawa masu riga ta daban da za su riƙa zama a cikin jama'a ranar wasa, don yaro yana jin kunyar wanda ya san babansa fiye da yadda yake tsoron kulki.

Buƙatata ta ƙarshe gare ku shugabanni, ku fito gidan rediyo ku yi mana bayani da Hausa, ba takardar Turanci a Facebook ba, me hukuma ta ce sai an gyara kafin a buɗe filin, wa aka ɗora wa aikin, kuma zuwa yaushe. Mu ma mu san me za mu riƙa bibiya. Ni dai na riga na gaya wa yaran shago duk ranar da muke da wasa a Katsina in an yarda 'yan kallo su shiga su za su riƙe shago, zan bi motar Ƙofar Ruwa da sassafe. Yaron kam uwarsa ta ce ba inda za shi, kuma ban iya yi mata musu ba, har yanzu ɗaya ƙafar takalmin tana nan a bayan ƙofa ya hana a yar.

Wassalam.

Naku,
wani tela ɗan Pillars daga cikin gari, Kano
Oktoba 2025